Karkata labari a rahotannin fasahar zamani

Karkata labari a rahotannin fasahar zamani na nufin tsara labarin wata na'ura, manhaja, hanyar sadarwa ko aikin lantarki ta yadda mai karatu ko mai sauraro zai ɗauki fahimtar da mai bayar da labarin yake so, ko da kuwa ba a faɗi ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Ana yin haka ta hanyar zaɓen kalmomi, zaɓen alƙaluma, da zaɓen abin da za a sa a gaba da wanda za a tura baya ko a yi shiru a kansa. Kamfanoni, hukumomin gwamnati, 'yan talla, 'yan adawa da su kansu kafafen yaɗa labarai duk suna amfani da wannan hanya. A Hausa ana kiran sassanta da sunaye irin su kwaskwarima, kambamawa, ƙarin gishiri da romon baka. Sanin dabarunta na cikin ilimin tantance labarai da ake koya wa ɗalibai da 'yan jarida.

Bambancinsa da labarin ƙarya

Labarin ƙarya shi ne wanda aka ƙirƙiro abin da bai faru ba. Labarin da aka karkata kuwa yawanci gaskiya ne idan aka bi shi jimla bayan jimla, amma hoton da yake bari a zuciyar mutum ya saɓa wa ainihin yadda abin yake. Wannan ne ya sa gano shi ya fi wuya, domin mai binciken gaskiya ba zai samu jimlar da zai ce ƙarya ce ba.

Masana sun kasa shi gida biyu. Na farko shi ne zaɓen fuska, wato ɗaukar ɓangare ɗaya na lamari a gina labari a kansa. Babu labarin da ya kuɓuta daga wannan, tunda dole ɗan jarida ya zaɓi inda zai fara. Na biyu shi ne kwaskwarima da gangan, inda mai ruwa da tsaki a lamarin yake shirya kalamai domin kare muradinsa, kamar ɓoye gazawa ko ɗaga darajar hajarsa.

Asalin nazarin

Masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi bayani a 1974 kan yadda mutane ke fahimtar abin da ke faruwa ta cikin wani tsari da suka riga suka saba da shi. A 1993 Robert Entman ya bayyana cewa zaɓen fuska shi ne ɗaukar wasu ɓangarorin lamari a fito da su fili, ta yadda za a nuna mene ne matsalar, wa ya jawo ta, da kuma mece ce mafita.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na Amos Tversky da Daniel Kahneman a 1981. Sun gabatar wa mutane labarin wata cuta da ake sa ran za ta kashe mutum 600, suka ba su zaɓi tsakanin shiri mai tabbas da shiri mai kasada. Da aka ce shirin mai tabbas zai ceci mutum 200, kashi 72 cikin 100 sun zaɓe shi. Da aka ce a wannan shirin mutum 400 za su mutu, kashi 78 cikin 100 sun koma wa shirin kasada. Lissafin ɗaya ne, lafazin ne kawai ya sauya.

Dalilan yawaitarsa a labaran fasaha

Labaran fasaha sun fi saurin karkata saboda wasu dalilai. Yawancinsu suna fitowa ne daga sanarwar manema labarai da kamfani ko hukuma ta rubuta da kanta, kuma kafafen da ba su da isassun ma'aikata sukan buga ta yadda ta zo. Sannan akwai ma'aunai irin su megawat da megabit waɗanda mai karatu ba ya da abin da zai kwatanta su da shi a rayuwarsa. Haka kuma kamfanonin sadarwa da bankuna na cikin manyan masu ba kafafen yaɗa labarai talla. Bugu da ƙari, labarin fasaha yawanci game da gobe yake magana, kuma ba a iya ƙaryata alkawari a ranar da aka yi shi.

Misalin da aka fi kawowa a duniya shi ne na kamfanin Theranos na Amurka, wanda ya yi iƙirarin yin gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini kaɗan. Manyan mujallu sun yi ta yabon shugabarsa Elizabeth Holmes, har aka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9, kafin binciken John Carreyrou na jaridar Wall Street Journal a watan Oktoban 2015 ya nuna na'urar ba ta yin abin da ake faɗa. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari.

Manyan dabaru

Gabatar da alkawari kamar aikin da aka gama. Aiki yakan bi matakai: sanarwa, rattaba hannu kan takardar fahimtar juna, samun kuɗi, aza harsashi, gini, ƙaddamarwa, sannan fara aiki. Kanun labari yakan haɗe su duka. A watan Yulin 2016 kamfanin NBET na gwamnatin tarayya ya sanya hannu da kamfanoni 14 kan yarjejeniyar sayen lantarki mai amfani da hasken rana, jimlar megawat 1,125, kuma wasu daga cikin tashoshin a jihohin Jigawa da Katsina aka tsara gina su. An ba da labarin a matsayin babban ci gaba, amma ayyukan sun tsaya saboda saɓani kan farashi da lamunin gwamnati, ba su kai ga ba da wuta ba. Haka nan tauraron ɗan'adam na NigComSat-1 da aka harba a watan Mayun 2007 ya daina aiki a watan Nuwamban 2008 saboda matsalar fuka-fukansa masu tara hasken rana, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Ranar harbawa takan samu kanun labari fiye da ranar lalacewa.

Zaɓen alƙaluman da suka fi daɗin ji. A ranar 25 ga Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya. Rahotannin farko sun fi mayar da hankali kan yawan waɗanda suka sauke manhajar. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a amfani da su ko sau ɗaya a mako. Alƙaluman biyu duka gaskiya ne, amma na biyun ne yake nuna ko jama'a sun karɓi abin.

Irin wannan ne yake faruwa da adadin masu waya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layuka take ƙirgawa, alhali mutum ɗaya yana iya riƙe layi biyu ko uku. Adadin layukan da ke aiki ya sauko daga kusan miliyan 219 a watan Maris na 2024 zuwa kusan miliyan 154 a watan Satumba, bayan rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba da kuma gyaran ƙidaya. Rahoton da ya fassara wannan da cewa mutum miliyan 65 sun daina amfani da waya ya kauce hanya, kamar yadda wanda ya ce mutum miliyan 219 suna da waya ya kauce. A fannin lantarki ma, ƙarfin injinan da aka girka a Najeriya ya kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa babban layin ƙasa yawanci tsakanin 4,000 ne zuwa 5,000.

Sassauta kalma ko tsananta ta. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data. Hukumar ta kira shi daidaita farashi, ta kuma jaddada cewa kamfanoni ƙarin kashi 100 suka nema, kuma ba a taɓa farashin ba tun 2013. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta ɗauke shi a matsayin ƙarin nauyi kan talaka. A watan Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga ƙasa da naira 70, hukumar NERC ta fito da cewa kashi 15 cikin 100 na masu amfani da wuta kaɗai abin ya shafa. Wannan adadi bai nuna cewa a cikinsu akwai masana'antu, asibitoci da jami'o'i ba, waɗanda ƙarin kuɗinsu yake komawa kan sauran jama'a.

A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da abin da ta kira dakatar da ayyukan Twitter, masu suka kuma suka kira shi toshe bakin jama'a. An ɗage matakin a ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a watan Yulin wannan shekara kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa ya saɓa doka. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, hukumar INEC ta danganta rashin ɗora sakamako a shafin IReV a kan lokaci da tangarɗar na'ura. Kalmar tangarɗa tana ɗora alhaki a kan na'ura, ba ta ambaci wanda ya tsara ta ko wanda ya kamata ya gwada ta ba.

Ɓoye sharaɗi a ƙananan haruffa. Kalmar "har zuwa" a tallan saurin intanet tana nufin iyakar abin da za a iya samu a yanayi mafi kyau. Tsarin data da ake kira mara iyaka yawanci yana da ƙa'idar rage sauri bayan an kai wani adadi. Ana kuma auna sauri da megabit, girman fayil kuma da megabait, kuma bait ɗaya bit 8 ne, don haka layi mai megabit 8 a daƙiƙa megabait ɗaya yake saukewa. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faifan sola an auna shi ne a ɗakin gwaji a zafin digiri 25, kuma ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya ƙaru. A arewacin Jigawa, inda zafin bazara yake haura digiri 40 kuma ƙurar hunturu take rufe faifai, abin da ake samu yana ƙasa da abin da aka rubuta.

Amfani da sunan ƙasa a madadin wurin da abu ya isa. A gwanjon da NCC ta yi a watan Disamban 2021, MTN da Mafab sun samu lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Da MTN ya fara a 2022, birane bakwai ya ambata: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, su ma a wasu unguwanni. Kanun da ya ce 5G ya iso Najeriya gaskiya ne, sai dai bai ce komai ba game da mai waya a Sule Tankarkar. Lafazin "na farko a Afirka", wanda aka yi amfani da shi ga eNaira da kuma shigowar Starlink a Janairun 2023, yana nuna wanda ya riga ne kawai, ba ya nuna inganci ko araha.

Tsoratarwa. Karkatarwa ba ta tsaya a yabo ba. A watan Afrilun 2020 jita-jitar cewa 5G ce ke haddasa cutar korona ta bazu a WhatsApp da Facebook, har aka ƙona turakun sadarwa a Ingila. A lokacin Najeriya ba ta ba kowa lasisin 5G ba, gwaji kawai aka yi a ƙarshen 2019, kamar yadda ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya bayyana. Ƙwayar cuta ba ta bin igiyar rediyo, kuma cutar ta bazu a ƙasashen da ba su da 5G.

Talla cikin rigar labari. A 2024 matasa da dama a arewacin Najeriya sun shiga abin da ake kira mainin a manhajar Telegram. Wasan Hamster Kombat ya yi iƙirarin samun 'yan wasa miliyan 300, amma da aka raba kuɗinsa a ranar 26 ga Satumban 2024, da yawa sun tashi da abin da bai wuce 'yan daloli ba bayan watanni suna danna waya. Wasu magoya bayan Pi Network sun yi ta yaɗa cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, amma bayan buɗe kasuwarta a ranar 20 ga Fabrairun 2025 farashinta bai wuce kimanin dala 3 ba kafin ya faɗo. Dandalin CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan ƙirƙirarriyar basira, ya rushe a watan Afrilun 2025, hukumar SEC kuma ta ce ba shi da rajista. A irin waɗannan harkoki, mai bayar da labarin yakan haɗa da mahaɗin gayyata wanda yake samun lada da shi, saboda haka shi ɗan talla ne ko da ya kira kansa mai wayar da kai.

Rawar fassara

Yawancin labaran fasaha da ke isa ga mai jin Hausa an fara rubuta su ne da Turanci ko Faransanci. Wajen fassara da taƙaitawa, kalmomin taka-tsantsan irin su "mai yiwuwa", "ana shirin" da "idan an samu kuɗi" sukan zube, a bar "za a". Daga nan idan labarin ya shiga saƙon murya sai "za a" ta koma "an". Ana kuma samun musanya miliyan da biliyan, ko dala da naira. Saƙon murya da hoton allon waya ba su ɗauke da kwanan wata ko sunan kafar da ta fara bugawa, shi ya sa tsohon labari yakan dawo bayan shekaru kamar sabo.

A masarautar Gumel

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, a kan iyakar Najeriya da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Noma, kiwo da cinikin kan iyaka su ne manyan sana'o'i, kuma rediyo da wayar hannu su ne manyan hanyoyin samun labari.

Jihar Jigawa na cikin jihohin da suka fara shelar rungumar fasahar sadarwa. A zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, da kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, da yankin ciniki maras shinge a Maigatari. Cibiyar Kazaure ta yaye ɗalibai masu yawa, yayin da yankin Maigatari ya shafe shekaru ba tare da masana'antun da aka yi hasashe ba, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun sha sanar da shirin farfaɗo da shi. Rahoton da ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya bar ɗayan zai ba da rabin hoto.

Sauya fasalin naira da Babban Banki ya sanar a ranar 26 ga Oktoban 2022 an gabatar da shi a matsayin matakin rage amfani da tsabar kuɗi da komawa ga tura kuɗi ta waya. A kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, ciniki ya dogara ne da tsabar kuɗi, kuma da yawa daga masu kawo dabbobi daga Nijar ba su da asusu a bankunan Najeriya. Alƙaluman ƙaruwar hada-hadar intanet a farkon 2023 ba su nuna cinikin da ya tsaya ba, ko kuɗin da masu POS suka riƙa caja kafin su ba da tsaba. A ranar 3 ga Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin ci gaba da karɓar tsofaffin takardun kuɗi.

A Gagarawa akwai tashar rage ƙarfin lantarki ta kamfanin TCN. Irin wannan tasha karɓar wuta take daga babban layi ta miƙa wa kamfanin rarrabawa, wato KEDCO, ba ta samar da wuta da kanta. Idan rahoto ya gabatar da girman taransifomominta kamar sabuwar wutar da aka ƙara wa yankin, ya haɗa abubuwa biyu mabambanta. A wannan ƙaramar hukumar ce kuma aka yi taƙaddama a zamanin gwamna Muhammad Badaru Abubakar kan kimanin hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee Group domin noman rake da masana'antar sukari. Ɓangaren gwamnati ya yi magana kan zuba jari, noman zamani da guraben aiki, manoman da abin ya shafa kuma suka yi magana kan gonakin gado da adadin diyya. Kalmar da rahoto ya fara da ita takan nuna ɓangaren da ya fi saurara.

Hanyoyin ganewa

Masu koyar da tantance labarai suna ba da shawarar yin waɗannan tambayoyi:

Wa ya fitar da labarin, kuma me zai samu idan aka yarda da shi?
A wane mataki aikin yake: an ce za a yi, an sa hannu, ana yi, ko yana aiki?
Adadin da aka bayar, daga cikin nawa ne, kuma me ake ƙirgawa: mutane, layuka ko saukewa?
An ji ta bakin wani masani da ba ya cin albashin kamfanin ko hukumar?
An ji ta bakin waɗanda za su yi amfani da abin ko su biya kuɗinsa?
Nawa ne kuɗin, wa zai biya, kuma wa zai riƙa gyarawa idan ya lalace?
An taɓa yin irin wannan sanarwa a baya, kuma ina ta kwana?
Idan aka cire siffofi irin su "gagarumi", "na zamani" da "irinsa na farko", me ya rage?

Wata hanya mai sauƙi ita ce karanta labari ɗaya a kafofi biyu ko uku. Idan jimlolin sun zo iri ɗaya, alama ce cewa sanarwa guda aka kwafa. Ana kuma son a karanta har ƙarshe, domin sharuɗɗa da ra'ayin masu suka galibi a sakin layi na ƙarshe ake ajiye su. Game da duk abin da ake neman a zuba kuɗi kafin a gan shi, 'yan kasuwa sun daɗe da ƙa'idar cewa ba a cinikin biri a sama.

Cibiyoyin da abin ya shafa

Daga cikin ƙungiyoyin binciken gaskiyar labarai da ke aiki a Najeriya akwai Africa Check da aka kafa a 2012, da Dubawa da aka kafa a 2018. Hukumar ARCON ce ke kula da ƙa'idojin talla bisa dokar 2022, FCCPC tana kare haƙƙin masu saye, SEC kuma tana riƙe da rajistar kamfanonin da aka yarda su karɓi jarin jama'a. NCC tana wallafa alƙaluman layuka da na masu intanet wata-wata, abin da ke ba ɗalibi damar gwada kanun labari da ainihin adadin.

Muhawara

Wasu masana suna gargaɗin cewa yawan zargi yana iya kai mutum ga ƙin yarda da kowane labari, wanda hakan yake buɗe ƙofa ga masu yaɗa jita-jita. Akwai fasahohin da suka cika alkawarinsu: kafin zuwan GSM a 2001 layukan wayar da ke aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a yau kuma waya ta shiga kusan kowane ƙauye, haka ma famfunan ruwa masu amfani da sola. Saboda haka masu koyar da wannan fanni suna jaddada a riƙa auna kowane iƙirari da hujjarsa, ko na yabo ne ko na suka, a kuma koma a duba shi bayan wa'adin da aka ɗiba ya cika.

Duba kuma

Farfaganda
Labaran ƙarya
Hukumar Sadarwa ta Najeriya
Masarautar Gumel
Kasuwar Maigatari